Yadda muhawarar mulhidai da masu addini ke tsallakowa daga waya zuwa kotu da titi

Ranar 28 ga Afrilun 2020, ana tsaka da kullen korona, azumin Ramadan bai cika mako guda ba, 'yan sanda suka je gidan Mubarak Bala a Kaduna suka kama shi, daga nan aka wuce da shi Kano.

Dalilin kamen shi ne wasu rubuce-rubuce da ya wallafa a Facebook. Wasu lauyoyi a Kano ne suka kai ƙorafi ga kwamishinan 'yan sandan jihar, suna cewa kalaman ɓatanci ne ga Annabi Muhammad (SAW), kuma za su iya tayar da hankalin jama'a.

Mubarak, injiniya haifaffen Kano, shi ne a lokacin shugaban ƙungiyar waɗanda ba su yarda da addini ba ta Najeriya. Ranar 5 ga Afrilun 2022 ya amsa laifinsa a gaban Babbar Kotun Jihar Kano, aka yanke masa ɗaurin shekara 24. A watan Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce hukuncin ya yi tsauri, ta rage shi zuwa shekara 5.

Shari'arsa ita ce ta fi fito da wani rikici da ke gudana kullum a shafukan sada zumunta na Hausa, tsakanin mutane ƙalilan da ke cewa ba su yarda da samuwar Allah ba, da ɗimbin masu addini da ke ganin kalamansu cin mutunci ne ga abin da suka fi ƙauna a duniya.

Daga zaure zuwa bainar jama'a

Kafin wayar hannu ta game gari, wanda shakka ta shiga zuciyarsa kan addini yana da wuraren zuwa kaɗan. Ko ya tafi wurin malami a zaure ya yi tambaya, ko ya faɗa wa aboki ɗaya a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ya haɗiye abinsa. Idan ma ya yi katoɓara, mutum biyar ko goma ne suka ji, kuma cikinsu akwai wanda ya san gidansu, zai ja shi gefe ya yi masa nasiha.

Intanet ta rushe wannan katanga. Maganar da aka rubuta a ɗaki da tsakar dare tana iya wayar gari a wayoyin dubban mutanen da ba su san mai ita ba, ba su san abin da aka faɗa kafin ta ba.

Shi kansa Mubarak ta intanet duniya ta fara sanin sa. A 2014, bayan ya shaida wa danginsa cewa ya bar Musulunci, an kwantar da shi a sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Kano na tsawon kwana 18. Da wayar da aka shigar masa a ɓoye ya riƙa aika saƙonni, har ƙungiyoyin ƙasashen waje suka shigo cikin maganar.

Don a gane dalilin da ya sa irin wannan furuci ke girgiza mutane, sai a dubi matsayin addini a ƙasar. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2020 ya nuna kashi 93 cikin 100 na 'yan Najeriya da aka tambaya sun ce dole ne mutum ya yi imani da Allah kafin ya zama mai kyawawan ɗabi'u. Ke nan, a idon mafi yawan jama'a, Musulmi da Kirista, wanda ya ce babu Allah ya fitar da kansa daga sahun mutanen kirki tun kafin a ji hujjarsa.

Yadda wutar ke kamawa

Wanda ya saba bibiyar irin waɗannan muhawarori a Facebook, X da TikTok zai ga kusan hanya ɗaya suke bi.

Wani zai jefo tambaya kan ƙaddara, ko wahalar da ƙananan yara ke sha, ko saɓanin da yake gani tsakanin kimiyya da nassi. Masu amsawa na farko kan zo da aya da hadisi. Shi kuma sai ya ce ai bai yarda da littafin ba, don haka ba zai zama hujja a kansa ba. Daga nan kowa ya rasa inda zai kama ɗan'uwansa, domin ba su taɓa yarda kan ma'aunin da za a auna maganar da shi ba.

Idan hujja ta ƙare, sai baƙar magana ta karɓi fage. Ɓangare ɗaya ya koma izgili da abubuwa masu tsarki, yana kiran masu addini jahilai da aka wanke wa ƙwaƙwalwa. Ɗaya ɓangaren ya koma tsinuwa, zagin iyaye, da tambayar a wace unguwa mutumin yake.

Kowane ɓangare yana da kukansa. Masu addini na cewa da yawa cikin mulhidan ba neman sani suke yi ba, tsokana ce da neman suna, kuma wasunsu na taɓa martabar Annabi da gangan don a yi musu barazana, su sami hujjar neman mafaka a Turai. Mulhidan kuma na cewa kullum ana zagin su a wa'azi da rubutu ba wanda ya ce uffan, amma da zarar sun mayar da martani sai a ce jininsu ya halatta.

A tsakiya akwai wani rukuni da rikicin ke rutsawa da shi: Musulmi masu sallah da azumi da ke yawan tambaya kan fatawa ko ingancin wata ruwaya. Su ne ake wa laƙabi da 'yan boko aƙida. Sau da yawa akan haɗa su da mulhidai a yi musu kuɗin goro, abin da ke sa matashi mai tambaya ta gaskiya ya gwammace ya yi shiru.

Babban makamin wannan faɗa shi ne hoton rubutu da ake ɗauka daga fuskar waya. Ko mai rubutun ya goge, ko ya nemi afuwa, hoton ya riga ya shiga zaurukan WhatsApp, ba tare da abin da ya gabace shi ko ya biyo bayansa ba. Ana kuma iya ƙirƙirar irinsa da sunan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to ta waya ta fi haka, domin ita har kwafinta ake yi.

Su ma kamfanonin suna da nasu kason. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da tsarin kamfanin ke ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na alamar yabo sau biyar wajen zaɓen abin da zai nuna wa mutane. Rubutun da ya fi fusata jama'a shi ya fi yawo. Yanzu da X da Facebook ke biyan masu shafuka kuɗi gwargwadon yawan masu kallo da tsokaci, tsokanar addini da raddi mai zafi duka sun zama hanyar samu.

Ba mulhidai kaɗai abin ke ci ba

Idan aka jera manyan shari'o'i da tarzomar ɓatanci na 'yan shekarun nan a Arewa, za a ga akasarin waɗanda abin ya shafa masu addini ne. Abin da ya haɗa su shi ne waya.

Yahaya Sharif-Aminu, matashin mawaƙi ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, waƙa ya tura a WhatsApp a farkon 2020. Masu zanga-zanga suka ƙone gidan iyayensa, sannan wata Babbar Kotun Shari'ar Musulunci a Kano ta yanke masa hukuncin kisa ranar 10 ga Agustan 2020. A Janairun 2021 Babbar Kotun Jihar ta soke hukuncin saboda an yi shari'ar ba shi da lauya, ta ce a sake ta. Maganar ta kai Kotun Ƙoli.

Deborah Samuel, Kirista ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, saƙon murya ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu. Ranar 12 ga Mayun 2022 wasu gungun mutane suka kashe ta suka ƙone gawar a harabar makarantar, ba tare da maganar ta je gaban alƙali ba. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, ta nemi a hukunta waɗanda suka aikata.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka kama Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Jihar Bauchi, saboda tura wani bidiyo kan kisan Deborah a zauren abokan aikinta. Ta shafe fiye da shekara guda a tsare kafin a ba da belinta, kotu kuma ta wanke ta a Disambar 2024.

Me doka ta ce?

A nan ma akwai ja-in-ja. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, har da 'yancin sauya addini. Sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki. Sai dai sashe na 45 ya ba da damar taƙaita waɗannan 'yanci da doka, don kare zaman lafiya, tarbiyya da haƙƙin wasu.

Rashin yarda da Allah shi kaɗai ba laifi ba ne a dokokin tarayya. Mubarak ma ba a kan barin addini aka tuhume shi ba, kuma ba kotun Musulunci ce ta yi shari'arsa ba. An yi amfani da dokar final kod ta Kano, wadda sashe na 210 nata ya haramta cin zarafin addini ta hanyar da za ta iya jawo tashin hankali. Ban da wannan, jihohi 12 na Arewa sun ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga 1999, kuma dokar Kano ta 2000 ta tanadi kisa ga Musulmin da ya zagi Annabi.

A Afrilun 2025 Kotun ECOWAS ta yanke cewa waɗannan sassa biyu na dokokin Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan'adam da Najeriya ta sa wa hannu, ta nemi a soke su ko a gyara. Gwamnatin Kano ta ce tana nan kan bakanta.

Masu goyon bayan dokar na cewa ita ce ke hana mutane ɗaukar doka a hannunsu, domin sun san akwai inda za su kai ƙara. Masu suka na cewa ita ce ke ba gungun mutane ƙwarin gwiwar ganin cewa hukuncin da suka zartar a titi daidai ne.

Muhawara ba baƙuwa ba ce

Tarihin Musulunci cike yake da ja-in-ja kan manyan tambayoyi. Ilmul kalam ya bunƙasa ne wajen amsa shubuhohin masu inkari da hujjar hankali, kuma har gobe malamai na ba da labarin muhawarar Imam Abu Hanifa da dahriyya, masu cewa duniya ba ta da mahalicci. Imam Ghazali ya rubuta littafi guda yana rushe hujjojin masana falsafa, bayan ya fara bayyana ra'ayinsu dalla-dalla. Ibn Rushd ya zo daga baya ya yi masa raddi da wani littafin.

A nan gida, Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya yi musayar wasiƙu masu zafi da Shehu al-Kanemi na Borno kan halaccin jihadi. Da ya zo rubuta Infaƙul Maisur, sai ya kawo hujjojin abokin hamayyarsa a ciki kafin ya amsa su. Wannan saɓani ne tsakanin Musulmi, amma ladabinsa shi ne abin da ya ɓace a waya: a kawo maganar abokin gaba cikakkiya, sannan a rushe ta.

Malaman da ke jan hankalin matasa kan wannan sukan kafa hujja da aya ta 125 ta Suratun Nahl, wadda ta yi umarni da kira cikin hikima da jayayya ta hanya mafi kyau, da aya ta 108 ta Suratul An'am, wadda ta hana zagin abin bautar wasu don kada su rama da zagin Allah. Sukan ƙara da cewa yaɗa hoton rubutun ɓatanci, ko da da niyyar Allah wadai ne, taimaka masa ne ya isa inda mai shi bai iya kai shi ba. Hukunci kuma aikin alƙali ne.

A ɓangaren marasa addinin ma ba baki ɗaya suke ba. Akwai masu ganin izgili ba ya sauya ra'ayin kowa, illa ya jefa sauran 'yan'uwansu da ke zaune cikin dangi a haɗari.

Waɗannan na ƙarshe su ne ba a cika jin duriyarsu ba. Suna rubutu da sunayen bogi, suna bin jam'i a masallacin unguwa, suna tsoron ranar da ƙane ko mata za ta ɗauki wayarsu. Iyayensu kuma, idan abin ya fito, sukan rasa inda za su sa kansu tsakanin ɗansu da mutanen gari.

An sako Mubarak Bala a 2024, bayan fiye da shekara 4 a tsare, amma sai a Janairun 2025 labarin ya fito fili, domin an ajiye shi a wani ɓoyayyen wuri saboda tsoron abin da ka iya samun sa. Ɗan da ya bari yana jariri ɗan makonni ya riga ya isa shiga makaranta. Ranar da labarin sakin ya bazu, ƙarƙashin kowane shafin da ya wallafa shi muhawarar ta sake ɓarkewa, wasu na murna, wasu na cewa hukuncin bai isa ba.