Gasar Badminton Ta Afirka Da Zuwanta Arewa

Shi dai badminton wasa ne da ake buga wani ɗan ƙwallo mai gashin tsuntsu 16 ya tsallake raga. Nauyin ƙwallon nan kimanin giram 5 ne kacal, saboda haka 'yar iska kaɗan ta isa ta kauce da shi. Duk wanda ya san yadda hunturu ke kaɗawa a Daura zai gane cewa ba a yin gasarsa a fili. Lalle sai an tanadi babban zaure rufaffe mai tsawon rufi. Galibi garin da ya mallaki irin wannan zaure shi ke samun baƙuncin gasar.

An kafa ƙungiyar badminton ta Afirka a Darussalam ta Tanzaniya cikin 1977, aka kuma yi gasar farko a Kumasi ta ƙasar Gana a 1979. Ikko ta karɓi gasar tun 1982, amma ba ta hauro Arewa ba sai a 2000, sa'ad da ta sauka Bauchi. Da ta komo Nijeriya a 2019, a Fatakwal, 'yan gida ne suka ɗauki kambun 'yan ɗaiɗai: Anuoluwapo Opeyori na maza, Dorcas Adesokan na mata.