Ko Ka Sani? Faifan Kwamfutarka Yana da Ranar Mutuwa

Ko ka san cewa a cikin kwamfutar teburi mai had-dis akwai faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti guda? Kafin daƙiƙa ɗaya ta cika ya zagayo sau 120. Na laftof yakan ɗan sassauta, ya tsaya a 5,400. A kan wannan faifai da ke ta sheƙa gudu ake ajiye hotunan biki da na suna, da kundin digirin ɗalibi, da lissafin bashin ɗan kasuwa, da karatuttukan malamai da aka yi shekara da shekaru ana tarawa.

Faifan na alminiyam ne ko na gilashi, an shafe shi da wani siririn sinadari mai karɓar maganaɗisu. A samansa akwai hannu mai kai da komo, a bakin hannun kuma ɗan mitsitsin kai mai rubutu da karatu. Abin al'ajabin shi ne kan nan ba ya taɓa faifan. Iskar da gudun faifan ke tayarwa ita ke ɗauke da shi, yana shawagi a tazarar 'yan nanomita kaɗan, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya haura nanomita 50,000. Saboda haka idan laftof ta suɓuce daga cinya tana kunne, ko yaro ya yi tuntuɓe da wayar caja ya fizgo ta ƙasa, kan na iya dira a kan faifan da ke cikin gudu ya kankare shi. Wurin da ya kankare kuwa, abin da ke rubuce a wurin ya tafi ke nan har abada.

Kamfanin IBM ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a 1956, a birnin San Jose na Amurka, tare da kwamfutar da aka sa wa suna RAMAC. Faifai 50 ne a jere, faɗin kowanne inci 24, nauyin na'urar kusan tan guda, kuma duk abin da take iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani sun isa su cika ta. Yau abin ya ƙanƙance har ya shiga aljihu, cikinsa ya ninka sau dubban ɗaruruwa, amma har yanzu inji ne mai juyi da motsi, kuma duk abin da ke motsi yana cinyewa.

Mutane da yawa suna zaton faifai zai yi musu sallama kafin ya tafi. Wani lokaci yana yi. Akwai wani tsari a cikinsa da ake kira SMART, wanda ke ƙirga awannin da ya yi yana aiki, da zafinsa, da yawan gurabun da suka lalace aka maye su da wasu. Amma a 2007 injiniyoyin Google sun wallafa wani bincike kan faifai sama da 100,000 da ke cibiyoyinsu, suka gano cewa sama da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a wannan tsari ba. Lafiya ƙalau jiya, yau shiru. Kamfanin Backblaze ma, wanda ke fitar da alƙaluman faifansa tun 2013, yakan samu a 'yan shekarun nan cewa tsakanin 1 zuwa 2 cikin kowane 100 na mutuwa a shekara. Ka tuna fa, waɗannan faifai ne da ke zaune a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa, babu mai ɗaukarsu a jaka a bayan babur.

Namu yanayin ya fi tsanani. Da yawa daga laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da 'yan kasuwa na hannu ne, sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso. Fenti na iya sheƙi, faifan ciki kuwa ya tsufa. Ƙaramar manhaja ta kyauta irin CrystalDiskInfo za ta nuna maka awannin da ya riga ya ci, kuma ya kamata duk mai sayen ta hannu ya duba wannan kafin ya miƙa kuɗi. Ga kuma ɗaukewar wuta. Idan ta ɗauke daidai lokacin da kwamfutar teburi ke rubuta fayil, fayil ɗin na iya lalacewa ko da faifan ya tsira. Shi ya sa UPS, ko ƙarami ne, ba kayan ado ba ne.

In faifai ya ga dama ya yi gargaɗi, ga yadda yake yi: kwamfuta ta riƙa sandarewa ba dalili, folda ta ɗauki tsawon lokaci kafin ta buɗe, fayil ya ƙi kwafuwa, ko a ji wani ƙas-ƙas-ƙas yana maimaituwa daga ciki. Wannan ƙarar ita ce mafi muni, domin hannun ne ke neman wurinsa yana kasawa. Duk ƙarin minti da ya yi a kunne, ɓarnar na iya ƙaruwa. A kashe. Kada kuma a yarda wani ya kwance murfinsa a kan teburin shago "don a duba", domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin kai da faifai girma nesa ba kusa ba. Masu ceto bayanai na gaskiya a ɗaki na musamman mai tace iska suke buɗe shi, kuɗin aikinsu kuma sau da yawa ya fi na sabuwar kwamfuta.

Mai sabuwar laftof zai ce shi nasa SSD ne, babu abin da ke juyi a ciki. Gaskiya ne, kuma ya fi jure faɗuwa. Sai dai shi ma kowane gurbi a cikinsa yana da iyakar rubutun da zai ɗauka, idan kuma ɗan guntun da ke sarrafa shi ya ƙone, yakan ɗauke ne ɗif, babu ƙara babu tari. Ciro bayanai daga gawarsa ma yakan fi wuya.

Akwai wani kuskure da nake ganin ya fi kowanne cin mutane. Mai gyara zai raba faifai gida biyu, C da D, ya ce a riƙa ajiye muhimman abubuwa a D. Shawarar tana da amfani ranar da Windows ya rikice aka sake zuba shi. Amma C da D ɗaki ɗaya ne aka raba da labule. Idan rufin ya rufta, ba ya tambayar wane ɓangare ne na kayan daraja. Haka nan wanda ya kwashe hotunansa ya mayar kan faifan waje, sannan ya goge na kwamfuta don ya sami wuri, bai yi kwafi ba. Ƙaura kawai ya yi musu, har yanzu guda ɗaya gare shi.

Ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa ta, ana kiranta 3-2-1. Kowane abu mai muhimmanci ya kasance guda 3: na asali da kwafi biyu. A ajiye su a kan na'urori iri 2. Sannan 1 daga ciki ya kwana a wani wuri da ba gidanka ba. Na ƙarshen nan shi mutane suka fi rainawa, kuma shi ne ke tsira ranar gobara, ko ambaliya, ko ranar da ɓarawo ya ɗauke jakar da laftof da faifan waje ke kwance tare. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Faifai na biyu a durowar ofis, ko a gidan ɗan'uwa, ana musanya shi lokaci-lokaci, ya wadatar.

Kayan aikin ma suna cikin kwamfutar tuntuni. Windows na da File History, kwamfutocin Apple na da Time Machine tun 2007. Ka haɗa faifan waje, ka kunna, su ci gaba da kwafa da kansu, har da tsofaffin zubin fayil ɗin da ka gyara. Idan kwafin ya gama, a zare faifan. Dalili kuwa shi ne ƙwayar cutar kwamfuta mai garkuwa da bayanai ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Ire-irenta sukan kulle duk faifan da suka tarar a haɗe.

Ma'adanar intanet kuma tana cike gurbin "wani wuri". Google na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive na ba da 5. Ga wanda ke sayen data da kuɗinsa, ba dole ba ne ya tura finafinai; takardu da zaɓaɓɓun hotuna ba su da nauyi. A lura dai: waɗannan ma'adanai suna bin sawun foldarka ne. Ka goge a nan, su goge a can, sai dai ka ciro daga kwandon shara kafin kwana 30 su cika.

Sai babban batu, wanda labarin kamfanin Pixar ya fi kowane bayani fito da shi. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai dace ba, ma'aikata suna kallo kayan 'yan wasan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a zare wuta, kusan kashi 90 cikin 100 sun tafi. Hankalinsu bai tashi ba da farko, tunda suna da kwafin ko-ta-kwana. Da aka ɗauko shi sai aka tarar ashe ya daɗe ba ya kwafuwa daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ta haihu take aiki daga gida, tana da kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka sa a mota aka kawo ofis. Kamfani mai ƙwararru da kuɗi ke nan, abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai riƙa gwada kwafin. Gwajin ba shi da wuya: duk wata, ka haɗa faifan, ka ciro fayil biyu ko uku, ka buɗe su ka ga sun buɗe.

Ranar da faifan ya mutu, mai kwafi zai sayi sabo a sa masa, a zuba Windows, ya haɗa faifan waje ya dawo da kayansa. Wanda ya kwafi faifan gaba ɗaya, da manhajoji da saituna, zai koma aiki ba tare da sake girka komai ɗaya bayan ɗaya ba. Abu guda ya rage da ake yawan mantawa. Kwamfutoci da dama na zamani suna zuwa a kulle da BitLocker, wanda ke da mabuɗin ceto mai lambobi 48. Idan babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard) ne ya ƙone faifan kuwa yana da rai, ba mai gyaran da zai iya karanta shi sai da wannan mabuɗi. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft. Ka shiga yau ka kwafe shi a takarda, ka ajiye tare da takardun makaranta da na fili.