Abin da Ya Sa Kwamfuta Ke Nauyi Bayan An Ɗauke Wuta

Duk wanda ya taɓa shiga shagunan buga takardu da ke kewaye da Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada ya san wannan yanayi. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, an sake kunna kwamfuta. Ɗalibi na tsaye da filashi a hannu, aikin da zai miƙa wa malami ƙarfe goma yake so a buga masa. Mai shago ya danna Word, shiru kake ji. Ya sake dannawa, ya yi tsaki. Can ta buɗe. Amma in aka rufe ta aka sake buɗewa, kafin ka ƙifta ido ta fito. Me ya bambanta buɗewar farko da ta biyu?

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai faifan ajiya, wanda yake kamar sito a bayan kasuwa: yana ɗaukar kaya da yawa, amma zuwa ɗauko su sai an sha tafiya. A yawancin tsofaffin kwamfutocin tokumbo, faifan nan juyawa yake yi sau 5,400 a minti, wata 'yar allura na bin sa tana neman gutsattsarin fayil a nan da can. Sai kuma RAM, wanda yake kamar teburin gaban shago, hannu kawai za ka miƙa. Matsalarsa ɗaya: wuta na yankewa, tebur ya zama wayam. A buɗewar farko daga sito aka kwaso komai, a ta biyu kuwa kayan na kan tebur.

Masu ƙera babbar manhaja sun daɗe suna neman rage wannan jira. A 2001, Microsoft ya saka wata dabara a Windows XP mai suna Prefetch. Tana lura da fayilolin da manhaja ke nema a cikin kusan daƙiƙa 10 na farkon buɗewarta, ta rubuta jerinsu ta adana a wata folda. Gobe in ka danna, sai ta kwaso su gaba ɗaya a tsare, maimakon a yi ta je-ka-ka-dawo.

A 2007 Windows Vista ta zo da SuperFetch, wadda ta fi wayo. Ita halin mai kwamfutar take karanta. Ka dubi mai shayin unguwa a Jekadafari ko Pantami: ya san dattijon da ke zuwa bayan sallar asuba, ya san ba ya son sukari da yawa, tun kafin ya zauna a benci an ɗauraye kofinsa. Haka SuperFetch take. In ta lura kullum da safe CorelDRAW kake buɗewa, sai ta lallaɓa ta jera fayilolinsa a RAM tun ba ka nema ba. Tun 2018 sunanta ya koma SysMain a Windows 10. Masu Linux ma suna da irinta, preload, wadda Behdad Esfahbod ya rubuta a 2005. A wayar Android kuwa akwai Zygote, da ke loda abubuwan da kowace manhaja ke bukata tun wayar na kunnuwa.

To, a nan ne mutane ke yi wa kansu sakiyar da ba ruwa. Mutum ya ga RAM ya kusa cika sai hankalinsa ya tashi, ya sauke manhajar "shara" a Tecno ko Infinix ɗinsa, yana ta gogewa. Wani mai gyara kuma ya kwashe foldar Prefetch kaf, wai ya wanke kwamfuta. Alhali teburin da ba kaya a kansa ba ya kawo ciniki. Abin da aka loda ɗin ba ya tare wa kowa wuri, da zarar wata manhaja ta bukaci fili za a sauke shi. Wanda ya goge, sai na'urar ta sake koyon halinsa daga farko, a waya kuma har caji yake ci.

Gaskiya dai dabarar na da iyaka. Kwamfutar da RAM ɗinta bai wuce gigabait 4 ba, ga tsohon faifai, SysMain kan iya riƙe faifan na ɗan lokaci bayan kunnawa, har ta ƙara nauyi. A irin wannan, kashe ta kan taimaka. Amma maganin gaske shi ne a sauya faifan da SSD, wanda ba ya juyi balle neman allura. In za ka kai taka wurin mai gyara, ka ce ya sa maka SSD ya ƙara RAM, foldar Prefetch kuma ya bar ta inda ya gan ta.