Rina a cikin jirgin ruwa: yadda ake raba ta da gidanta lafiya

Jama'a, duk mai harka da bakin ruwa a nan Kudu, ko a Epe ne ko Ikorodu ko Badagry, ko gaɓar Neja a Anacha, ko Swali a Yenagoa, ya san jirgi ba ya daɗewa a ɗaure bai yi baƙi ba. Mako biyu zuwa uku an lulluɓe shi da tamfol, sai a tarar rina ta kafa gida a ƙarƙashin benci ko a lungun goshin jirgi. Mahaifina fataucin shanu yake yi, kuma akwai garuruwan cikin ruwa da mota ba ta kai musu dabba, sai jirgi. Shi ya sa nake ganin maganar ta shafe mu, har da waɗanda haya kawai suke ɗauka.

A tudu, in rina ta taso, gudu ake yi. A tsakiyar ruwa ina za ka? Mutum biyar su zabura su koma gefe guda, kwale-kwale ya karkata ya ɗebi ruwa. In kuwa akwai sa a ciki aka harbe shi a hanci ko a kunne, igiya ba lallai ta riƙe shi ba. Yawancinmu kuma ba mu iya iyo ba. Don haka ƙa'idar ɗaya ce: a gama da rina a gaɓa, tun kafin a yi lodi.

Fara gane baƙon naka

Iri biyu aka fi gani. Rina ita ce mai tauna busasshen itace ta cuɗa da yawunta, ta gina gida kamar na takarda, a rataye da ɗan siririn wuya, ramukansa na kallon ƙasa. Zaman taro take yi, tana kare gidanta, kuma guda ɗaya kan yi harbi sau da yawa, saboda ƙarinta ba ya maƙalewa a fata kamar na ƙudan zuma. In ka murƙushe ɗaya kusa da gidan, akwai warin da take fitarwa mai tunzura sauran.

Zanzaro kuwa shi kaɗai yake aikinsa. Da laka yake gini, ya cusa gizo-gizo ko tsutsa a ciki don 'ya'yansa, kuma da wuya ya harbi mutum. Ɓarnarsa a inji take, don yana son ƙananan ƙofofi. In ya toshe ƙofar shan iska ta tankin mai, mai zai daina sauka sosai, inji ya riƙa shaƙewa har ya mutu a tsakiyar ruwa. In ya toshe 'yar ƙofar da ruwa ke tsartuwa a bayan inji, direba ya rasa alamar da ke nuna masa ruwan sanyaya inji yana zagayawa. Kada a raina wannan 'yar laka. A 1996 wani jirgin sama ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, kuma masu bincike sun fi zargin gidan irin wannan ƙwaro ne ya toshe bututun da ke auna gudun jirgin, bayan ya yi kwanaki a ajiye.

Ban da wuta, ban da fetur

A ƙauye mun saba da ƙona gidan rina da harshen wuta a kan bishiya. Wannan dabara ta tsaya a tudu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a cikin jirgi ko da ba ka jin warinsa sosai, ga jarkoki, ga katakon da aka liƙe da kwalta. Ashana ɗaya ta isa. Watsa wa gidan fetur ko kalanzir shi ma haɗari ne, kuma a ruwan da masunta ke neman abinci zai ƙare.

Haka fiya-fiya. Guba ce mai shiga ta fata da numfashi, tana kashe kifi, kuma jirgin nan gobe albasa ko dabba ko mutane zai ɗauka. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper barkatai a kasuwa, to bai kamata mu ne masu zuba irinsa inda ake ɗora abinci ba.

Yadda ake yi

Da rana ka tsaya nesa kaɗan ka lura da inda suke shiga da fita, don wani lokaci gidan ya fi ɗaya. Ka jawo jirgin gaɓa ka ɗaure shi tamau, ka fitar da jarkokin mai, ka share hanyar da za ka ja baya.

Aikin kansa sai dare ko kafin asuba. A lokacin duk sun dawo gida, kuma ba su da kuzari. Ka sa riga mai kauri mai dogon hannu, ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka sa safar hannu, ka naɗe kai da wuya da rawani. Kada ka riƙe tocila a hannu, domin haske suke bi. Ajiye ta can gefe tana haska wurin. A samu mutum guda ya tsaya nesa yana kallonka, yara kuma a kore su.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne ruwan sabulu. Ka dama omo cikin hannu biyu a rabin bokiti, ka zuba a famfon feshi wanda aka wanke tas, ka jiƙa gidan sharkaf a karo ɗaya. Rina ta ƙananan ƙofofi a gefen jikinta take numfashi. Ruwa zalla zamewa yake yi a kanta, amma sabulu na sa ya manne ya toshe ƙofofin, ya kuma nauyaya fukafukanta. In da maganin ƙwari na gwangwani za ka yi, ka tuna shi ma yana kama wuta: inji a kashe, babu mai shan taba a kusa.

Da gari ya waye, in babu motsi, ka kankare gidan da doguwar sanda har gindinsa, ka ƙulle a leda, ka wanke gurbin. Na zanzaro kankarewa kawai yake so, ƙofofin inji kuma a zura musu siririyar waya a hankali. In gidan yana can cikin ramin da ido ba ya kaiwa, ko ka ga tarin ƙudan zuma ne, to wannan ya wuce bokiti, nemo mai feshi ko mai kiwon zuma.

In an yi harbi

A wanke wurin da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle. Farasitamol na rage zafi, Piriton na rage ƙaiƙayi, amma yana sa barci, wanda ya sha kada ya ja jirgi. Idan kuwa leɓe ko harshe ya fara kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum, wallahi ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne. Asibiti kai tsaye, akwai allurar da ake yi cikin gaggawa. A Legas ana kiran 112 ko 767. Wanda ya san harbi ya taɓa yi masa haka, kada ya kusanci wannan aiki sam.

In kuma sai a tsakiyar ruwa aka farga da gidan, kowa ya zauna inda yake, ya rufe fuska, ban da kaɗa hannu. Direba ya rage gudu ya nufi gaɓa mafi kusa. Rigar ruwa kuwa a jiki take amfani, ta ƙarƙashin benci ma nan rina ke son ɓuya.

Kai mai kaya, kafin a ɗora maka buhu ɗaya ko a ja dabba ciki, ka ce a ɗaga tamfol a kakkaɓe, a leƙa ƙarƙashin benci da goshin jirgi, a tayar da inji ka ga ruwa na tsartuwa. Minti biyar ne, kuma direban kirki ba zai ji haushi ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu gaɓa lafiya.