Kayan da Kano Ta Kora, Ina Suke Sauka?

Ranar wata kasuwa a Babban Mutum na tsaya gaban teburin wani yaro mai sayar da madarar gwangwani da biskit. Na ɗauki gwangwani ɗaya na juya gindinsa. Wurin da kamfani ke buga kwanan wata an kankare shi da reza, an manna 'yar takarda a kai. Na tambaye shi, ya ce, "Wallahi Baba, haka na saro su." Na yarda da shi. Shi ma cutarsa aka yi, sai dai cutar a cikin ɗan wani za ta ƙare.

Yawancin kayan masarufin da muke saye a Baure daga Kano ake saro su, musamman Kasuwar Singa. Shi ya sa aikin da Baffa Babba Ɗan'agundi ya yi a can ya shafe mu. Tsohon ɗan majalisar dokokin jihar Kano ne. Gwamna Ganduje ya ba shi shugabancin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a 2019, daga baya ya haɗa masa da riƙon hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta jihar. A zamaninsa an sha fasa sito a fito da abincin da wa'adinsa ya ƙare da jabun magunguna. Wasu 'yan kasuwa sun ce ya cika zafi. Ni ban ga laifin zafin ba, damuwata a wani wuri take. Idan aka matsa wa mai ruɓaɓɓen kaya a birni, ba kowa ne zai zubar ba. Wani mota zai loda ya nufo kasuwannin bakin iyaka irin namu, inda jami'i bai cika leƙowa ba, inda kuma araha ke rufe wa mutum ido.

Doka kuwa tana nan. A 2019 Shugaba Buhari, ɗan masarautarmu ta Daura, ya sa hannu a dokar da ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya tarar da aibi a cikinsu, ko da mai shago ya rubuta a bango cewa abin da aka saya ba a dawowa da shi. Amma wa zai taso daga Abuja saboda gwangwanin madara ɗaya?

Don haka sai mu duba da kanmu. A jikin kwali ko kwalba akwai haruffan EXP, kwanan watan da ke gabansu shi ne ƙarshen wa'adi. In an goge, ko an liƙa wani a kai, ko gwangwani ya kumbura, a ajiye shi. A nemi lambar NAFDAC a kan magani da abinci, duk da ita ma ana buga ta bogi. Maganin yara ya fi komai haɗari: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara sama da 80 a Najeriya. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa, babu abin kunya.

Jama'ar Baure, in kun ci karo da irin wannan kaya kada ku tsaya a "Allah ya isa". Ku riƙe kwalin, ku kai wa Sarkin Kasuwa ko Dagaci, a bi sawu har wurin dilan da ya kawo shi.