Lissafin Mai Shago A Orozo Da Matsalar Ɗumamar Yanayi

ABUJA — Tun da aka mayar da hedkwatar Nijeriya daga Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, garuruwan da ke kewaye da birnin suke ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin hayar cikin gari ya fi ƙarfinsu. Orozo, wadda ke kan hanyar da ta tashi daga Karu ta bi ta Jikwoyi da Kurudu zuwa Karshi, tana cikin irin waɗannan garuruwa. A nan, kamar sauran wurare, janareta da gawayi su ne ke riƙe da shaguna da gidajen abinci, su ne kuma ke haɗa aljihun ƙaramin ɗan kasuwa da matsalar da ta dami duniya baki ɗaya, wato ɗumamar yanayi.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gano tushen matsalar. Wanda ya ƙona mai yana biyan kuɗin man, amma ba ya biyan kuɗin ɓarnar da hayaƙinsa ke yi, sai a raba ta a kan jama'a. Da yake kason kowa ƙanƙane ne, kowa sai ya ɗauka nasa ba zai hana komai ba. Ta haka ake tara asarar da babu mai ita, alhali kowa na ɗanɗana kuɗarta, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 wadda ta halaka mutane fiye da 600 a ƙasar nan.

Sai dai lissafi ya nuna kason ba ƙarami ba ne. Kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon mai dumama duniya. Shagon da janaretansa ke shan lita 5 a kullum, kwana 300 a shekara, yana fitar da kusan tan 3.5 ke nan. Bugu da ƙari, bayan da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai Naira 617 a Abuja cikin watan Yuli na shekarar, ta kuma haura Naira 1,000 a 2024. Saboda haka duk litar da mai shago ya rage, riba ce gare shi tun kafin ta zama sauƙi ga duniya.

Haka abin yake ga fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60 da na LED mai wat 9 kusan haske ɗaya suke bayarwa. Mai ƙwai 10 da ke kunna su sa'o'i 6 a rana zai rage kimanin yunit 92 na wuta a wata idan ya sauya, wanda hakan ke nufin ƙaramin janareta, ko 'yan allunan sola kaɗan, za su wadace shi.

Batun girki ya fi tsanani. Ana ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami kilo 1 na gawayi ta hanyar gargajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane miliyan 3.2 a 2020. Mai sayar da abinci da ta koma kan iskar gas, ko murhu mai tsimin gawayi, ta kare ƙirjinta da na 'ya'yanta, ta kuma bar wa daji bishiyoyinsa.

Akwai shaidar cewa irin wannan sauyi yana aiki. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana sinadaran da ke huda rufin ozon na sararin sama, kamfanoni suka sauya iskar firji da na'urar sanyaya ɗaki, masu saye suka bi, har aka kawar da kusan kashi 99 cikin 100 na sinadaran. Darasin shi ne, ɗaiɗaikun mutane na yin tasiri ne idan doka da farashi sun tura su hanya guda.

A nan ne gizo ke saƙa. Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a wannan shekara. Amma tukunyar gas da allon sola suna bukatar kuɗi a dunƙule, gawayi kuwa ana sayensa ƙulli-ƙulli, kuma duk lokacin da gas ya yi tsada magidanta kan koma wa gawayi. Wannan giɓi kasuwa ce ga mai jari. Dillalin da ya sayar da kayan a kan biya kaɗan-kaɗan, ko ƙungiyar adashi da ta saya wa membobinta ɗaya bayan ɗaya, za su sami ciniki a Orozo da maƙwabtanta, domin da yayyafi kogi kan cika.