In Kiɗa Ya Sake, Rawa Ma Sai Ta Sake

Garin Lafiya, wanda ya zama hedkwatar Jihar Nasarawa tun ranar 1 ga watan Oktoba, 1996, an fi saninsa da doya da riɗi da agushi, waɗanda manyan motoci kan yi lodinsu zuwa sassa daban daban na ƙasar nan. To amma a cikin 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta fara kafuwa a tsakanin samari da 'yan matan garin, watau ƙera manhajar wayar hannu. Waɗansunsu ɗalibai ne a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa cikin 2011, waɗansu suna Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai na Ɗaya, waɗansu kuwa sun shigo ta shirin 3MTT wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar cikin 2023 da nufin horar da matasa miliyan uku. Akwai kuma waɗanda suka koya wa kansu a ɗaki.

Dukansu akwai wata matsala guda da ke jiransu, wadda ba kasafai akan faɗa musu ita ran farko ba. Matsalar kuwa ita ce, littafin jagorar da mutum yake koyo da shi yana tsufa, kuma ba ya nuna furfura.

A ɗauka ga wani yaro mai ƙwazo wanda abokinsa ya tura masa darussan bidiyo da wani littafi a cikin waya. Ya zauna ya kwafi umurnin da malamin ya rubuta, harafi bayan harafi, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya ce wa kwamfuta ta harhaɗa aikin, sai ta cika masa fuska da jan rubutu. Ya sake dubawa, ya sake kwafa, har dare ya raba. Daga bisani sai ya yanke hukunci cewa kansa ne ba ya ja, ya rufe kwamfuta. Alhali kuwa shi bai yi kuskure ba, malamin ma bai yi ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne, an shirya darasin ne shekara huɗu da suka wuce, kuma kayan aikin da aka yi bayani a kansu an riga an sake su.

Mene ne laburare?

Domin mai karatu ya gane tushen abin, sai ya dubi magini. Magini ba ya ƙera ƙofa da taga da makulli da kansa. Yakan sayo su a shirye, ya bar musu gurbi daidai awonsu. Haka mai ƙera manhaja yake. In yana so manhajarsa ta ɗauki hoto, ko ta karɓi kuɗi, ko ta nuna taswira, ba zai fara daga tushe ba, sai ya ɗauko wani ƙunshin umurni da waɗansu suka riga suka rubuta, wanda ake kira laburare. Kowane laburare yana zuwa da takardun bayani masu nuna yadda ake ɗaura shi da yadda ake kiransa.

Bambancin shi ne, maƙerin ƙofa ba ya biyo magini gida ya sake awon ƙofar. Masu laburare kuwa ba su daina taɓa kayansu. Sukan toshe kafar da ɓarayi ke bi, su sake sunayen abubuwa, su jefar da abin da suka ga ya zama kaya. Da zarar sun yi haka, duk wani bayani da aka rubuta a kan tsohon fasali ya zama labarin jiya.

Ga kaɗan daga abin da ya auku. Cikin Disamba 2014 kamfanin Google ya fito da Android Studio, sa'an nan a ƙarshen 2015 ya janye hannunsa daga kayan aikin Eclipse waɗanda littattafan farko suka dogara a kansu. Cikin 2018 ya maye gurbin babban laburarensa na tallafi da wani sabo mai suna AndroidX, aka sake sunayen ɗaruruwan abubuwa a lokaci guda. Cikin 2019 ya sanar da cewa harshen Kotlin ne zai riƙa gabatarwa a kan Java. Cikin 2020, da fitowar Android 11, aka sa wa AsyncTask alamar murabus, bayan kuwa kusan babu tsohon darasin da bai koyar da shi ba.

Masu aiki da Flutter, wanda cikakkiyar fitowarsa ta farko ta kasance cikin Disamba 2018, su ma ba su tsira ba. Akwai maɓallai biyu, FlatButton da RaisedButton, waɗanda kowane ɗan koyo yakan fara da su. Cikin 2022 aka cire su ɗungum, aka bar TextButton da ElevatedButton a madadinsu. Har wa yau cikin Mayu 2023 harshen Dart ya kai fitowa ta 3, wadda ta wajabta wa mai rubutu ya bayyana tun farko ko wani gurbi yana iya zama fanko. Duk aikin da bai bi wannan ƙa'ida ba, ba zai tashi ba. Yaron nan da aka ba da misalinsa, a irin wannan ramin ya faɗa.

Wani lokaci ma ba gyara ake yi ba, rufe shagon ake yi baki ɗaya. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Xamarin ranar 1 ga Mayu, 2024. Google kuma ya kashe Firebase Dynamic Links ranar 25 ga Agusta, 2025, duk wata mahaɗa da aka gina a kansa ta daina aiki.

Abin da ya sa ya fi ciwo a nan

Mai ƙera manhaja a Amurka ko Jamus in ya ga jan rubutu, sai ya buɗe shafin masu laburaren ya karanta sabon bayani nan take. Ɗan koyo a Lafiya yana lissafin kuɗin data, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu 2025. Yana kuma lissafin wutar lantarki. Saboda haka hikimar da ya ga ta fi ita ce ya sauke darasi sau ɗaya ya adana, ya kuma raba wa abokai. Wannan taimakon juna abin yabo ne, sai dai kofin da aka adana ba ya jin labarin abin da ya faru bayansa. Yana nan yadda yake, yana yawo daga waya zuwa waya, shekara da shekaru.

Bugu da ƙari, kusan duk bayanan nan da Turanci suke. Wanda ya ɗauki nauyin yin darasi da Hausa ya yi babban aiki, amma da yake irinsa kaɗan ne, darasin nasa yakan daɗe ana amfani da shi bayan zamaninsa ya wuce, domin babu wani sabo da zai ture shi.

Hasarar ba ta tsaya ga ɗalibi ba. Duk shekara kasuwar Google Play takan ɗaga matakin Android da ta yarda a gina manhaja a kansa. Daga ranar 31 ga Agusta, 2025, alal misali, ta ƙi karɓar sabuwar manhaja ko gyaran tsohuwa sai wadda aka daidaita da Android 15. To, in wani ya gina wa makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa manhaja, ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai bar rubutaccen bayani ba, ranar da aka nemi gyara sai wanda ya gaje shi ya rasa ta inda zai kama. Sau da yawa sai a rushe a sake gini, mai kaya ya biya sau biyu.

Manyan ma suna fama. Dandalin tambaya da amsa na Stack Overflow, wanda aka buɗe cikin 2008, sai da ya fito da wani shiri na musamman cikin 2021 domin magance amsoshin da suka tsufa amma suna nan a sama saboda yawan ƙuri'un da suka tara tun da. Na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira su ma daga tsofaffin rubuce-rubuce suka yi karatu, don haka sukan miƙo umurnin da aka daina aiki da shi ba tare da wata shakka ba.

Ina mafita?

Maganin farko ba ya cin ko kwabo. Duk wanda ya rubuta darasi, ko ya ɗauki bidiyo, ko ya miƙa wa mai kaya aiki, ya rubuta kwanan wata da lambar fitowar kowane laburare a sama, inda ido zai fara sauka. Magani ma da ake sha ana buga masa ranar lalacewa, balle takarda.

Na biyu, a koya wa ɗan koyo karatun lambar. Yawancin laburare suna bin tsarin lamba uku, kamar 2.5.1. In ta ƙarshe ce ta motsa, ƙaramin gyara aka yi. In ta tsakiya ce, an ƙara wani abu ba tare da an rushe na da ba. In kuwa ta farko ce ta tashi daga 2 zuwa 3, to, a yi hattara, mai yiwuwa tsohon aiki ya karye. A nan ne ya wajaba a karanta jerin canje-canjen da masu laburaren kan buga tare da kowace fitowa.

Na uku, a ajiye bayani wuri ɗaya da aikin kansa, yadda duk wanda ya taɓa ɗaya zai ga ɗayan, kuma kada a karɓi gyara sai an gyara bayaninsa. Misalan da ke cikin bayanin a riƙa gwada su lokaci lokaci. Masu Flutter suna da wani umurni mai suna dart fix wanda kan maye tsofaffin sunaye da sababbi da kansa, amma ba ya shiga littafi ya gyara, wannan aikin mutum ne.

Na huɗu ya rataya a wuyan makarantu da ƙungiyoyi. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu cikin Disamba 2022 wanda ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Hukumar NBTE kuma cikin 2024 ta rarraba babbar difloma ta ilmin kwamfuta zuwa fannoni huɗu, ciki har da na gina manhaja. Wannan dama ce ta a riƙa bitar takardun darasi a farkon kowane zango. Ƙungiyoyin sa kai irin su GDG ta Lafiya su ma suna iya keɓe rana guda a taronsu domin tace darussan da ke yawo a hannun 'yan koyo, a ware masu rai, a sa wa matattu alama.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma gaskiya ne game da tushen ilmin, domin yadda ake tsara tunani da warware matsala bai sake ba tun zamanin kwamfutocin farko. Amma sunayen maɓallai da matakan ɗaura laburare ba zuma ba ne, danyen nama ne, ba ya kwana da yawa. Malamin da ya bambanta wa ɗalibinsa waɗannan biyu ya cece shi daga zargin kansa a kan laifin da ba nasa ba, ya kuma cece shi daga barin sana'ar da za ta iya riƙe shi da iyalinsa. Allah Ya sa a gyara.